Tarkwa Bay, Ilashe ko Gberefu: ina Bakabe zai kai iyalinsa wuni ɗaya a bakin teku?

Ƙanena ya yi shekara tara yana harkar albasa tsakanin Aliero da kasuwar Mile 12, amma sai bara ƙafarsa ta fara taɓa rairayin bakin teku. Ba shi kaɗai ba ne. Mutanenmu da yawa sun san Legas ta wajen tirela da sito da 'yan kamasho, sun san Agege da Alaba Rago da Idi-Araba kamar yunwar cikinsu, amma ruwan da suke hange daga kan gadar Third Mainland suna cewa teku, ba teku ba ne, tafkin Legas ne. Tekun yana can baya, ya juya wa gari fuska.

Da iyalinsa suka je masa hutun makaranta, yara suka tasa shi gaba sai an kai su sun ga teku. Ya bugo mini waya ina Birnin Kebbi: "Yaya, kai da kas san wuraren ga, ina za mu? Ni dai ban son wurin kiɗa da tsiraici, ga uwar yara da ɗiya mata." Amsar da na ba shi ce na faɗaɗa a nan, domin bayan shi mutum uku sun sake yi mini tambayar.

Wuraren da mota ke kaiwa har baki, irin su Elegushi, ba su ne abin da yake nema ba. Akwai rairayi, akwai ruwa, amma ran Asabar da Lahadi sautin lasifika ya fi na igiyar ruwa ƙarfi, ga mashaya a jere. Bar Beach da iyayenmu 'yan cirani ke ba da labari ta tafi, an cike wurin ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic a kai. Ta Landmark ma an rushe mafi yawanta a 2024 saboda titin gaɓar teku da zai nufi Kalaba. Abin da ya rage ga mai neman natsuwa shi ne ya ƙetare ruwa. Daga bakin tashar jiragen ruwa ta Legas har zuwa iyakar Jamhuriyar Benin akwai wani siririn tudun yashi da ya miƙe kamar gungu, ta kudu teku, ta arewa wani rafi mai faɗi da ya raba shi da tudun gari. Wurare ukun da zan kwatanta duk a kansa suke: Tarkwa Bay a kan gabas, Ilashe a gaba kaɗan, Gberefu can yamma daura da Badagry. Ba wanda za ka kai ba tare da jirgin fito ba, kuma wannan ne ya rage musu hayaniya.

Tarkwa Bay ita ce mafi kusa. Ana hawa jirgi mai inji daga tashar CMS a unguwar Marina, ko daga ƙarƙashin gadar Falomo a Ikoyi, minti 15 zuwa 20 kun isa. Wannan 'yar tafiyar ma abin kallo ce ga yaro ɗan Kabi, don za ku bi ta mashigar da manyan jiragen dakon kaya ke bi zuwa Apapa. Mutumin da babban jirgin da ya taɓa gani shi ne na fiton Yauri, in ya ɗaga kai ya ga bangon ƙarfe ya fi bene mai hawa biyar yana tafiya a kan ruwa, sai ya yi shiru. Jirginku kuwa zai yi ta tsalle a kan raƙuman ruwan da babban ya bari. Wanda ya ci tuwo ya yi nak kafin ya hau zai yi da-na-sani.

Abin da ya bambanta Tarkwa da sauran biyun ba Allah-ya-yi ba ne, aikin hannu ne. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka jera manyan duwatsu, waɗanda aka riƙa ɗaukowa daga wajen Abeokuta, suka yi dogayen katangu cikin teku don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. Tarkwa ta faɗo a tsakanin katangun, sai ta zama kamar ƙwarya: igiyar ruwa na shigowa, amma ta riga ta karye kafin ta iso baki. Katangun nan dai su ne suka tare yashin da ruwa ke turowa daga yamma, ya taru a wannan ɓangaren, Bar Beach da ke gabas ta rasa mai ciyar da ita, teku ya yi ta cinta shekara da shekaru. Arziƙin wani, tsiyar wani.

Don haka a cikin ukun, nan kaɗai zan yarda yaro ya shiga ruwa zuwa gwiwa, babba na riƙe da hannunsa. Akwai rumfuna da kujeru na haya, akwai masu gasa kifi da masu sare kwakwa, akwai samarin wurin da ke hawa igiyar ruwa a kan allo, abin da yaranmu za su tsaya kallo har su manta da yunwa. Akwai kuma kuɗin shiga, da kuɗin rumfa, da kuɗin ban-ɗaki, kowanne daban. Ka yi ciniki kafin ka shimfiɗa tabarma, ba bayan ka zauna ba.

Aibinta biyu. Na farko, tana bakin mashigar tashar jirage, duk abin da magudanun Legas suka kwaso bayan ruwan sama, robobi da ledoji, wani kaso a nan yake sauka. Masu rumfuna na sharewa, amma in ka je washegarin ruwa mai ƙarfi za ka gani. Na biyu, kalmar keɓewa ba ta cika a kanta ba sai a ranakun aiki. Talata da hantsi za ku iya samun rabin gaɓar ku kaɗai. Lahadi da la'asar, ko ƙarshen Disamba, abin da ƙanena ke gudu shi zai tarar, sai dai bai kai na cikin gari ba. Ya kamata kuma mutum ya san inda yake takawa: a watan Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi dubban mazauna wurin, hukuma ta ce saboda masu fasa bututun man da ke bi ta ma'ajiyar mai ta Atlas Cove da ke kusa. An daɗe ana ka-ce-na-ce a kan lamarin. Baƙi sun ci gaba da zuwa daga baya, amma wuri ne da jami'an tsaro ke sa wa ido, kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoton duk abin da ka gani na soja ko na ma'ajiyar mai.

In ka taka 'yan mintuna ka haura katangar duwatsun ta yamma, sai ka faɗa wata duniya. Nan ce gaɓar da ake kira Lighthouse, saboda tsohuwar hasumiyar fitilar jirage da ke wurin. Rairayi ne ya miƙe iya ganinka, ba rumfa ba kiɗa, sai gawarwakin jiragen da ruwa ya turo suna tsatsa. A nan ɗan yayata ya kusa sa ni kuka.

Yaron ɗan Argungu ne, ya tashi a bakin Matan Fada. Tun yana firamare yake faɗawa gulbi da gora, yana nutso ya daɗe har ka fara salati. Da muka tsaya, ya dubi ruwan ya ce, "Kawu, wanga ai wasa na." Kafin in buɗe baki ya tuɓe riga. Ya zaɓi wani wuri da ya ga ruwan ya fi kwanciya, ba farin kumfa, ya shiga zuwa ƙugu. Ina kallo ya yi baya kamar an ja shi da igiya. Ya juyo yana iyo da ƙarfinsa duka yana nufo mu, amma kansa sai ƙara ƙanƙancewa yake. Wani masunci da ke gyaran koma a gefe ya taso da gudu yana ihu da yarensa, yana nuni da hannu gefe, gefe. Allah ya sa yaron ya gane, ya bar fuskantar tudu ya yanka a karkace, can sai ga raƙumin ruwa ya ɗauko shi ya maka a kan yashi. Ya fi minti goma yana amayar da ruwan gishiri. Da ya samu magana abin da ya ce shi ne, "Kawu, wanga ruwa ba gulbi ba na."

Ga yadda abin yake. Ruwan da igiya ke turowa baki dole ya koma, sai ya samu wata kafa tsakanin tudun yashin da ke ƙarƙashi ya bi ta nan da gudu, kamar yadda ruwan fadama ke fasa kunya ya fita ta wuri ɗaya. Wannan kafar ita ce ke bayyana lumui, launinta ya ɗan fi duhu, igiya ba ta fashewa a kanta, kuma in ka lura za ka ga kumfa ko tarkace na tafiya ciki maimakon fitowa. Wato inda ya fi kama da wurin wanka shi ne wurin halaka. Ba ya danna mutum ƙasa, fitar da shi yake yi, gajiya da firgita ke kashewa. Dabarar kuwa ɗan gulbi ya riga ya san ta, ba a yin gaba da gaba da ruwa, yanka shi ake yi. Sai dai a gulbi kana ganin ɗaya gaɓar, a teku kuwa ba abin da ke gabanka sai sama, shi ya sa hankali ke gushewa. Abin da na lura shi ne wanda bai iya iyo ba yana tsayawa a idon sawu ya koma gida lafiya, gwanin ne ke shiga.

Na daɗe a kan wannan ne domin Ilashe da Gberefu duka irin ruwan Lighthouse gare su. Buɗaɗɗen teku ne, ba katanga, ba mai gadin ceto da za ka dogara da shi. Duk yadda wuri ya ƙara keɓewa, haka mai fitar da kai ya ƙara nisa.

Ilashe ta masu hali ce, ko ta masu haɗa kuɗi. Daga Ikoyi ko Victoria Island rabin awa ne zuwa minti 45 a jirgi mai gudu, ta rafin da ya nufi Badagry, a wuce tashar Tin Can da ƙauyukan masunta. Tsarin wurin ba irin na Tarkwa ba ne da za ka je ka biya kuɗin ƙofa ka nemi rumfa. Gidaje ne na shaƙatawa a jere cikin itatuwan kwakwa, ana kama gida sukutum na wuni ko na kwana, galibi da tafkin wanka a ciki, da janareta, da wurin girki. Jirgi ma yawanci shata ake yi. Ga mutum ɗaya da matarsa da yara huɗu, kuɗin ya fi ƙarfin abin da za a samu. Amma in gida uku ko huɗu suka haɗu, ko ƙungiyar 'yan kasuwa ta so fita bayan Sallah, lissafin na canjawa.

Abin da kuɗin ke saya maka shi ne sutura. Mata za su samu ɗakin canja kaya da ban-ɗaki mai ƙofa, 'yan mata su shiga tafkin gida ba idon baƙo, a yi jam'in Azahar a tsakar gida, a dafa abin da aka zo da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga iyali irin namu, kuma ba Tarkwa ba Gberefu da ke ba da shi. Sai dai katanga ba ta tare sauti. In maƙwabcin gidan da kuka kama 'yan biki ne, kun sha kiɗa har ku tashi, don haka a tambaya tun kafin a biya, kuma a guji ƙarshen mako. Kada a tura kuɗi don hoton da aka gani a Instagram, a samu wanda ya taɓa zuwa gidan da ƙafarsa. Sannan ba kasuwa a kusa: ruwan sha, ƙanƙara, maganin ciwon kai, har gishirin miya, abin da ka manta ka manta ke nan. Ni dai a raina Ilashe gidan haya ne mai kyau da aka ajiye kusa da teku. Yara za su wuni a tafkin siminti, tekun ya zama abin hoto.

Gberefu kuwa sai an sha hanya. Badagry na da nisan kimanin kilomita 60 daga tsakiyar Legas, ta titin da ya bi Mile 2, Okokomaiko da Agbara. A takarda tafiyar awa ɗaya da 'yan kai ce, a zahiri cunkoso ne ke yanke hukunci, kuma da yake hanyar iyakar Seme ce akwai shingayen jami'ai da yawa, kowa ya riƙe katin shaidarsa. Wanda ke zaune Alaba Rago ko Ojo ya riga ya ci kusan rabin wahalar, wanda ke Mile 12 ko Agege kuwa ya fita da an sallame Asuba. In an isa bakin ruwan Badagry, fiton ɗan gajere ne, 'yan mintuna, bai kai ƙetare Kwara a Yauri ba. Daga inda jirgi ya sauke ku sai tafiyar ƙasa ta kamar minti 20 zuwa 25 a kan yashi, ko a hau kabu-kabu in akwai tsoho ko mai goyo.

Wannan hanyar yashin ita ce dalilin zuwa. Ta nan aka riƙa kora bayi daga kasuwannin Badagry zuwa inda jiragen Turawa ke jira, shi ya sa ake kiran ƙarshenta wurin da ba a dawowa. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya da masu jagora ke cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta don su manta gida. Ranar da na fara bi, mai yi mana jagora yana ta zuba bayani, ni kuwa hankalina ya tafi kan yashin da ke shiga takalmina yana ƙuna, ina tunanin wanda ya taka shi ba takalmi, da mari a ƙafa. Kada mu ɗauka labarin wasu ne. Cikin waɗanda aka fitar ta gaɓar nan ta yamma, daga Legas zuwa Badagry zuwa Dahomey, akwai Hausawa da yawa. A Bahia ta ƙasar Barazil bayi Hausawa sun shirya tawaye a 1807, kuma a boren Musulmi na 1835 a birnin Salvador, wanda aka yi cikin watan Azumi, an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe ko aka kama.

Kafin a ƙetare ko bayan an dawo, cikin garin akwai abin gani da zai cika wunin. Akwai gidan Seriki Williams Abass, wanda sarautarsa ma kalmarmu ce, Sarkin Musulmi da bakin Yarbawa. Tarihin da ake bayarwa a gidan shi ne an kama shi bawa yana yaro, an kai shi Barazil, ya dawo ya zama dillalin bayi shi da kansa. Ya rasu a 1919, kuma ɗakunan da ake tsare mutane suna nan, ƙanana, da 'yar taga a sama. Akwai gidan tarihin iyalin Mobee mai sarƙoƙi da mari, akwai benen da 'yan mishan suka gama a 1845 wanda ake kira bene na farko a Najeriya. Ga ɗan Kabi kuma akwai wata igiya da ta ɗaure garin da gida. Daga Badagry Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon bincike, ya kama hanya a ƙarshen 1825, ya je ya rasu a wajen Sakkwato a 1827, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Daga Badagry ne kuma baransa Richard Lander da ƙanen Richard ɗin, John, suka taso a 1830, suka isa Busa, suka hau har Yauri suka yi makonni suna neman takardun Mungo Park, Baturen da ya riga su bin Kwara ya rasu a wajen Busa, sannan suka bi Kwara a kwale-kwale har ta kai su teku. Wato ruwan da muke wanke albasa da shi a Yauri, a wannan tekun yake ƙarewa, can gabas. Yanzu ma babban titin Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2024, ta jiharmu ya ratsa.

Gaɓar kanta, in ka fito daga cikin kwakwa ka gan ta, ta fi sauran biyun faɗi da shiru. Wani lokaci ba kowa sai masunta da jiragensu. Amma shirun da tsadarsa. Inuwa kaɗan ce, abin sayarwa kaɗan ne, wurin kama ruwa mai kyau sai an koma gari, ruwan kuma na kallo ne kawai. Yaro ɗan shekara biyar ba abin da zai tsinta a nan sai rana da gajiya. Ɗan sakandare kuwa zai koma Kabi da abin da malamin tarihi bai ba shi ba.

Sai maganar jirgi, wadda ta shafi duka ukun, kuma mu ba sai an yi mana wa'azi a kanta ba. Ba wanda ya manta jirgin da ya kife a kusa da Warrah cikin ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, mutum fiye da 100 suka salwanta, kuma kowa ya san lodi ya wuce ƙima. A Legas doka ce kowane fasinja ya sa rigar ceto, kuma an hana ƙananan jiragen fasinja tafiyar dare. Kada ka karɓi riga don cika sharaɗi, duba maɗaurinta, ka nemi ƙarama ta yara, domin babbar riga a jikin yaro zamewa take ta kai da zarar ya faɗa ruwa. In jirgi ya cika ana cewa a matsa, ka sauka ka jira na baya. A nan Gberefu ta fi sauƙi, fitonta gajere ne a ruwa mai kwanciya. Tarkwa gajere ne amma cikin zirga-zirgar manyan jirage. Ilashe ce mai doguwar tafiya.

Kuskuren da na taɓa yi, kada wani ya maimaita: na biya wani mai jirgi kuɗin zuwa da dawowa gaba ɗaya, muka yi da shi ƙarfe 4. Ƙarfe 5 ba shi, wayarsa a kashe. Sai da rana ta faɗi ya ɓullo yana dariya, ashe wata shata ya samu. Muka dawo cikin duhu ba fitila, ina rungume da yaro ina karanta duk abin da na haddace. Tun ranar rabi nake biya, rabi sai an sauke ni. A Legas rana na faɗuwa tsakanin wajen 6 da rabi da wajen ƙarfe 7 duk shekara, saboda haka ƙarfe 5 ta same ku a cikin jirgi.

Sallah ba ta da wahala a ko'ina cikin ukun. Ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, hadisi ya tabbatar, sai dai kurkurar baki da shi sai jarumi, ku riƙe buta da ruwan leda. In ka fuskanci teku a gaɓar Legas kudu kake kallo, alƙibla na hannunka na hagu, ka ɗan ƙara karkatawa baya. Ka kuma shimfiɗa darduma nesa da inda yashi ke da danshi. Mu mun saba ruwa na cika da lokacin shekara, na damina mai laka da kuma wanda ke isowa daga Gini da hunturu. Teku kuwa sau biyu yake cika ya janye a kwana ɗaya, kusan duk awa shida yana juyawa. Inda ka ajiye takalmi da hantsi a busasshen wuri, da Azahar ruwa na iya zuwa ya tafi da su. Mata kuma su sani zane da dogon hijabi in sun jiƙe nauyi suke, igiya na kama su ta ja, gara a tsaya a idon sawu.

Lokacin zuwa, daga Nuwamba zuwa Maris ya fi, ruwan sama ya ɗauke, teku ya ɗan lafa. Yuni da Yuli su ne tsakiyar damina a can, ga ruwa ga iska ga datti. Babban hutun makaranta na faɗowa Agusta, lokacin da ruwan sama kan ɗan tsagaita a Legas, amma tekun na nan da fushinsa, to a lokacin Tarkwa kaɗai nake ba da shawara ga mai yara.

Abin da na ce wa ƙanena ke nan a taƙaice: yaranka ƙanana ne, kuɗinka na albasa ne ba na mai ba, kuma daga Mile 12 kake. Ka ɗauki Talata ko Laraba, ku kasance CMS kafin ƙarfe 9, ku tafi da dambun nama da fura a kula, ku kama rumfa ta can ƙarshe nesa da masu lasifika, kada kowa ya haura duwatsun yamma, ku juyo da La'asar. Ilashe ka bar ta sai ran da 'yan layinku na kasuwa suka yarda a yi karo-karo. Gberefu kuma ka jira babban ɗanka ya shiga aji uku na sakandare, ku je ku biyu, ni ma in ina gari zan bi ku, don ita ce wadda nake komawa ba don yara ba.

Ya bi shawarar, ban da abu ɗaya: sun je ran Asabar, don ita ce ranar da motarsa ba ta shigo ba. Ya ce zuwa ƙarfe 2 kiɗa ya tashi, suka naɗe tabarma suka nufi jirgi. Ƙaramar ɗiyarsa ta cika gorar roba da ruwan teku ta riƙo har Aliero don Inna ta ɗanɗana. Tsohuwa ta kurɓa ta furzar, ta ce ashe duk wahalar nan ruwan kanwa suka je gani.